Edmon Albiyus, yaron da ya ɗaura wa fure aure

Yara, duk wanda ya taɓa zuwa garka a bakin tafkin Madarunfa da sassafe ya san furen kabewa. Rawaya ne, babba, a buɗe kamar bakin kakaki. In kun duba da kyau za ku ga furannin nan ba iri ɗaya ba ne. Wani yana bisa dogon sili siriri, ba kome a gindinsa. Wani kuwa yana da ɗan ƙullutu a ƙarƙashi, kamar jaririyar kabewa. Na farkon shi ne namiji, na biyun ita ce tamata. A cikin namijin akwai wani gari rawaya mai kama yatsa. Ɗan'uwan garin nan ne da ke bisa kan gero in ya yi bununi, wanda ke ɓata muku riga in kun ratsa gona cikin watan Agusta. A wannan darasi bununi za mu riƙa ce masa.

Muddin bununin bai kai ga tamatar ba, ɗan ƙullutun zai yi yaushi ya faɗi, mai garka ya tashi a banza. Fure kuwa ba shi da ƙafa, dole sai ya samu ɗan aike. Ɗan aiken gero da masara iska ce. Na kabewa da kankana ƙudan zuma ne: ya shiga namiji neman ruwan zaƙi, ya fito buɗu-buɗu da gari, ya faɗa cikin tamata. Na kuka kuwa jemage ne, shi ya sa fararen furanninta ba su buɗewa sai da almuru. Kai bununi daga namiji zuwa tamata shi ake kira barbarar fure. Da Faransanci ana cewa pollinisation.

To, yaya ke nan in an ɗauki tsiro an kai shi wata ƙasa mai nisa, aka baro ɗan aikensa a gida? Haka ta faru ga wani tsiron daji da ake kira banila. Wanda ya warware matsalar kuwa yaro ne baƙar fata, bawa, ɗan shekara 12, tsaran wasu daga cikinku. Sunansa Edmon Albiyus. A littattafan Faransanci za ku ga an rubuta Edmond Albius.

Tsiron da ya ƙi haihuwa

Ko ba ku san sunan banila ba, kun san ƙanshinta. Shi ne ƙanshin nan mai daɗi da ke tashi daga gato da biskit, da ƴan ƙunshin sukarin nan da mata ke saye a kanti in za su yi cincin ɗin salla. Banila yaɗo take yi. Tana hawan itace kamar yadda duma ke hawan danga, tana kama ɓawo da ƴan saiwoyin da ke fitowa daga gaɓoɓinta. Ganyenta kauri gare shi da santsi. Ƴaƴanta dogaye ne sirara kamar kwanson wake, tsawon ɗaya ya kai taƙi.

Asalinta daji ne, a ƙasar Meziko da ƙasashen da ke kudu da ita, can tsakiyar nahiyar Amurka. Dajin can ba irin namu ba ne. Ko dajin Babban Rafi a tsakiyar damina bai kama ƙafarsa ba wajen duhu da laima. Wata kabila ta wurin da ake kira Totonak ta daɗe tana tsintar ƴaƴan banila tana shanyawa. Sarakunan Aztek kuma suna zuba ta cikin abin shansu na kakawo, wanda shi ne asalin shokola. A 1519 Turawan Sipaniya suka sauka Meziko. Suka ɗanɗana, suka ji daɗi, suka kai ta Turai. Tun daga nan har wajen shekara 300, duk mai son banila sai ya saya daga Meziko, da tsada kuwa.

Abin ya dami sauran Turawa. Suka yi ta ɗibar rassanta suna kaiwa ƙasashe masu zafi da ruwan sama, inda suke mulki. Banila ba ta da wuyar kamawa, kamar rogo take: ka yanki reshe ka dasa, ya tsiro. Ta kama, ta yi yaɗo, ta yi fure gwanin kyau. Sai furen ya kaɗe ya faɗi. Ba ɗa. Baɗi ma haka, baɗin baɗaɗa ma haka.

Dalilin yana cikin furen. Furen banila ba kamar na kabewa ba ne. Namiji da tamata duk suna cikin fure guda, bisa wani ɗan sili da ke tsakiya. Namijin yana sama, bununinsa a dunƙule cikin wata ƴar hula. Tamatar tana ƙasa da shi kaɗan. Amma akwai wani ɗan tantani da ya gitta tsakaninsu, kamar asabari a ƙofar ɗaki. Maƙwabta ne na kusa, ba su kuwa ganin juna. A dajin Meziko akwai waɗansu ƙudaje dangin ƙudan zuma da girmansu ya yi daidai da bakin furen. In ɗaya ya kutsa ciki ya zo fitowa da baya, sai ya goga hular, bununi ya manne masa a gadon baya. In ya shiga wani furen sai ya bar shi ga tamata. An daɗe ana cewa wani ƙaramin ƙuda marar harbi mai suna Melipona ne ke wannan aiki. Daga baya masana suka lura ya yi ƙanƙanta, suka fi karkata ga waɗansu manya da ake kira Eulaema da Euglossa. Ko a can gida ma abin ba ya yawa: cikin fure 100, da ƙyar 1 ke zama ɗa. Ga shi kuma furen yini ɗaya yake yi a duniya. Ya buɗe da asuba, kafin maraice ya yi yaushi. In ɗan aike bai zo da safiyar nan ba, shi ke nan.

Turawa sun kwashi tsiro, sun baro ƙuda. A 1836 wani malamin ilimin tsirrai mai suna Sharl Moran, a birnin Liyej na ƙasar Beljik, ya gane inda gizo ke saƙa. Ya yi wa banila barbara da hannu cikin ɗakin gilashi, ta kuwa yi ƴaƴa. Amma labarin ya tsaya a takardun masana, bai zama aikin manoma ba.

Maraya a gidan mai lambu

A cikin Tekun Indiya, wajen kilomita 700 gabas da Madagaska, akwai wani ƙaramin tsibiri mai duwatsu da ake kira Reyunyon. A zamanin da muke magana ana ce masa Burbon. Da can ba kowa a cikinsa sai tsuntsaye da manyan kunkuru. Faransawa suka zauna shi cikin ƙarni na 17, suka kawo bayi daga Madagaska da gabashin Afirka, suka sa su noman kofi da kanumfari, daga baya kuma rake. A 1819 wani jirgin ruwa ya kawo rassan banila tsibirin, aka sake kawo waɗansu a 1822. Aka rarraba wa masu gonaki. Abin da ya faru a ko'ina shi ya faru a nan: fure ba ɗa.

A 1829 aka haifi Edmon a garin Sant-Suzan, arewa maso gabashin tsibirin. Uwarsa baiwa ce mai suna Meliz, ta rasu wajen haihuwarsa. Ubansa Pamfil shi ma bawa ne, bai kuwa tashi a hannunsa ba. Edmon dai bacucane ne, kamar yadda kakanninmu ke kiran wanda aka haifa cikin bauta. Ba shi da sunan uba a takarda, don a tsibirin nan bawa suna ɗaya gare shi. Uwargijiyarsa ta ɗauke shi tun yana ƙarami ta ba ɗan'uwanta, wani mai gona ana ce masa Fereyol Beliye-Bomo. Ku lura da kalmar: ba shi aka yi, kamar yadda ake ba mutum ɗan akuya.

Shi Beliye-Bomo mutum ne mai son itatuwa ƙwarai. Lambunsa cike yake da tsirrai iri-iri na ƙasashe dabam-dabam. Yaron ya shiga ransa. Kullum in ya fita zagayen lambu Edmon na biye da shi. Yana nuna masa ganye, yana nuna masa saiwa, yana gaya masa sunan kowane tsiro. Yaro kuwa ga kai. Bai daɗe ba ya riƙe sunayen tsirrai har da irin na masana, waɗanda suke da harshen Latin. Duk da haka ba a sa shi makaranta ba. Bai koyi karatu ba, bai koyi rubutu ba. Makarantarsa ita ce lambu, allonsa ganye.

Wata rana ubangidan ya nuna masa wani tsiro dangin kankana da kabewa, mai fure namiji dabam, tamata dabam. Ya koya masa yadda ake tsinko namijin a goga wa tamatar, ta yi ɗa ba sai an jira ƙwaro ba. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A ƙasarmu ma masu dabino na Ingal da na Ayar sun gaji irinsa tun kaka da kakanni: su hau dabino namiji su yanko furensa, su hau tamata su saƙala mata. Amma a dabino da kankana kowa na ganin namiji, kowa na ganin tamata. A banila fa? Nan ne manya suka duba suka gaji.

A lambun akwai wata banila da ta hau itace, ta shekara wajen 20 tana fure, ba ta taɓa yin ɗa ba. Ubangida ya riga ya fid da rai. Yaro bai fid da ba. Ya riƙa zuwa shi kaɗai, yana tsinkar fure yana ɓarewa a hankali, yana leƙa ciki. Tunaninsa mai sauƙi ne: in kankana tana da namiji da tamata, ita ma wannan ba za ta rasa ba. Ya nemi bununi, ya same shi cikin ƴar hula. Ya nemi wuri mai danƙo inda bununi zai manne, ya same shi a ƙasa. Sa'an nan ya ga asabarin da ya raba su.

Shekarar 1841

Wata safiya cikin shekarar 1841, suna zagayen lambu kamar kullum, sai Beliye-Bomo ya ɗaga kai ya hangi ɗa guda yana reto a jikin tsohuwar banilarsa. Ya tsaya yana mamaki. Edmon ya gaya masa shi ne ya yi. Ubangida bai yarda ba, ya ɗauka cika baki ne irin na yara. Bayan ƴan kwanaki sai ga wani ɗan kuma ya fito. Nan fa ya ce yaron ya yi a gabansa ya gani.

Ga abin da Edmon ya yi. Ku bi shi a hankali, don dukan labarin a nan yake.

Ya riƙe fure da hannun hagu, tsakanin babban yatsa da manuni. Da hannun dama ya ɗauki ɗan tsinke siriri, kamar na sakace. Ya tsaga leɓen furen ya kawar da shi gefe, silin tsakiya ya fito fili. Ya sa bakin tsinken ƙarƙashin ɗan tantanin nan, ya ɗaga shi sama, ya tura shi bayan hular. Yanzu ba abin da ya raba namiji da tamata. Sai ya sa babban yatsansa ya danna hular a hankali, bununi ya manne wa tamata. Ya saki. Shi ke nan. Aikin duka bai kai tsawon lokacin da za ku ɗauka kuna karanta wannan bayani ba.

Kada ku ga kamar wasa ne. In an danna da ƙarfi, furen ya lalace. In an danna sako-sako, bununi bai kama ba. In an yi jinkiri rana ta take, furen ya rufe. Amma in an yi daidai, furen ba zai faɗi ba. Zai bushe a wurinsa, gindinsa ya fara kumbura yana tsawo. Cikin wata 2 ɗan ya kai girmansa, amma sai ya yi wata 8 ko 9 kafin ya nuna. Mutanen tsibirin suka sa wa aikin suna ɗaurin auren banila, har yau kuwa haka suke kiransa.

Shin Edmon ya ji labarin malamin Beljik? Yaron da bai iya karatu ba, a lambun da ke nesa da Turai tafiyar watanni a jirgin ruwa, ina zai ji? Da idonsa ya gano. Abin da ya fi muhimmanci kuma, hanyarsa ba ta bukatar kome sai tsinke da yatsa, kowa na iya koyonta a safiya ɗaya. Gwanin aiki yakan ɗaura wa fure fiye da 1000 aure kafin azahar.

Labari ya bazu. Masu gonaki suka riƙa aiko da keken doki a ɗauki Edmon, ya je ya koya wa bayinsu. Ya je wannan gari, ya je wancan. Ku dubi abin: manyan Turawa masu gemu sun kewaye yaro bawa, suna kallon yatsunsa. In ya gama a mai da shi gidan ubangijinsa, yana nan bawansa.

Banila ɗanya ba ta da ƙanshi. Sai an tsoma ƴaƴan cikin ruwan zafi, an lulluɓe su da bargo sun yi gumi, an yi makonni ana shanyawa a rana da inuwa, an adana su cikin akwati watanni, sa'an nan su yi baƙi su yi laushi, ƙanshi ya fito. Mutanen tsibirin suka ƙware a wannan ma. A 1848 suka aika da kilo 50 zuwa Faransa. A 1858 ton 2 suka aika. A 1867 ton 20. Kafin 1898 ya kai ton 200, ɗan tsibirin nan ya wuce Meziko, uwar banila. Masu gonaki suka yi kuɗi, suka gina manyan gidaje.

Ɗiyauci da kurkuku

Edmon fa? Shekara 7 ya ƙara cikin bauta. Beliye-Bomo yakan ce yana jinsa kamar ɗansa, amma bai ƴanta shi ba sai cikin 1848, ƴan watanni kafin a ƴanta kowa. Ran 20 ga Disamba 1848 aka yi shelar hana bauta a tsibirin, bayi fiye da 60 000 suka samu ɗiyauci. Har yau ranar nan ranar biki ce a Reyunyon. Aka shiga rubuta wa ƴantattu sunaye na biyu a rajista. Edmon aka sa masa Albiyus, daga wata kalmar Latin mai nufin fari.

Gwamnatin Faransa ta biya iyayengiji diyyar bayin da suka rasa. Bayin ba a ba su kome ba, ko gona ko kuɗi. Wani alƙali na Sant-Suzan ya rubuta wa hukuma, ya roƙa a yanka wa Edmon ɗan abin da zai riƙa karɓa saboda alherin da ya jawo wa ƙasa. Ba a ba shi ba.

Yana da shekara 19, ba karatu, ba fili, ba jari. Ya bi sahun dubban ƴantattu zuwa San-Dani, babban birnin tsibirin. Ya yi aikin ƙarfi, sa'an nan ya samu aikin yaron kuku a gidan wani Bature. Ana nan sai aka yi sata a gidan, kayan ado suka ɓata. Aka kama Edmon, aka kai shi gaban shari'a, aka yanke masa ɗaurin shekaru da aiki mai tsanani. Mutumin da yatsunsa suka cika jiragen ruwa da banila, ga shi cikin ƴan sarƙa.

A nan tsohon ubangidansa ya yi abin kirki, ba za a hana masa ba. Ya rubuta wa gwamnan tsibirin, Uber-Delil, ya tuna masa ko wane ne wannan ɗan kurkuku. Ya nuna cewa da ƙasa ta saka masa tun farko, da bai faɗa cikin wannan hali ba. Gwamna ya yi masa afuwa, aka sake shi tun wa'adinsa bai cika ba. Ya koma Sant-Suzan, ya zauna kusa da gonar da ya tashi. Ya yi noma, ya yi aikin dutse, ya yi dahuwa a gidajen mutane. Daga baya ya yi aure.

Wa ya fara?

Kuɗi ba su zo ba. Saura suna, shi ma aka so a ƙwace.

Akwai wani sanannen Bafaranshe mai suna Rishar, shi ne shugaban lambun gwamnati a San-Dani. Ba ƙaramin mutum ba ne. Kafin ya zo tsibirin ya yi aiki a Senegal, har yau kuwa akwai gari a bakin kogin Senegal mai suna Rishar-Tol, wato lambun Rishar da harshen Wolof. Da ya tsufa sai ya fito ya ce shi ne ya kawo dabarar. Wai ya nuna ta ga waɗansu mutane a 1838, wai ƙila a nan yaron ya leƙa ya gani. Mutane da yawa suka so su yarda. A ganinsu bai kamata a ce yaro baƙi, bawa, marar karatu, ya gano abin da ya gagari masana ba.

Beliye-Bomo bai yi shiru ba, ko da yake Rishar abokinsa ne. Ya rubuta doguwar wasiƙa ya ba da labarin yadda abin ya faru a gaban idonsa. Ya kawo hujja mai ƙarfi: in da gaske an nuna dabarar tun 1838, me ya hana masu gonaki yin aiki da ita har shekara 3? Me ya sa kuma suka riƙa aiko da keken doki a ɗauko yaro, ba su aika wa shugaban lambu ba? Ya ce tsufa ne ya rikita wa abokinsa tunani. Wani marubucin tsibirin mai suna Bolsi Fokar ya bi diddigin maganar, ya goyi bayan Edmon. A 1863 wani mai zane, Antuwan Rusan, ya buga hotonsa cikin babban littafin da ya tara labarun tsibirin. A hoton an ga mutum cikin farar riga irin ta Turawa, yana tsaye kusa da banila, fuskarsa ba fara'a. Ba don waɗannan takardu ba, da yau sunan wani muke karantawa.

Ran 9 ga Agusta 1880 Edmon Albiyus ya rasu a asibitin Sant-Suzan, yana da shekara 51. Ya rasu matalauci. Jaridar tsibirin ta ba da labarin cikin ƴan layuka, ta kuma faɗi gaskiya: ƙasa ta ci amfaninsa, shi bai ci ba. Sai bayan wajen shekara 100 aka kafa dutsen tunawa da shi a inda ya tashi. Yanzu akwai makarantu da tituna masu sunansa a Reyunyon. A 2023 wata marubuciya ƴar tsibirin, Gayel Belem, ta wallafa littafi sukutum a kan rayuwarsa.

Banilar gona da banilar daji

Daga Reyunyon dabarar ta haye zuwa tsibiran Komor da Sesel da Madagaska. Madagaska ce ta zama babbar mai noman banila a duniya, musamman arewa maso gabashinta, wajen garuruwan Sambaba da Antalaha. A can, daga watan Oktoba zuwa Disamba, manoma maza da mata da yara sukan fita tun da duku-duku, kowa da ɗan tsinke ko ƙayar lemo, suna bin fure ɗaya-ɗaya. Ba inji da ya iya aikin. Har a Meziko ma, inda ƙudan yake, manoma ba su jiransa, tsinke suke ɗauka. Shi ya sa banila take da tsada. Bayan guguwar da ta afka wa Madagaska a 2017, kilo ɗaya ya kai wajen dalar Amurka 600, ya wuce kuɗin azurfa, har manoma suka riƙa kwana a gona don ɓarayi. Daga baya farashin ya faɗi ƙwarai. Ƙanshin da kuke ji a biskit ɗin kanti kuwa, yawanci ba na gona ba ne. Tun 1874 waɗansu masana biyu a Jamus suka gano yadda ake haɗa irinsa a masana'anta, shi ne mai araha.

Akwai wani abu da ya kamata ku sani. Cikin kowane ɗan banila akwai dubban ƙwayoyin iri, baƙaƙe, ƙanana kamar ƙura. Ƙwayar gero tana ɗauke da guzurinta, shi ya sa da ta ji laima sai ta tsiro. Ƙwayar banila ba ta da guzuri. Ba ta tsirowa sai ta gamu da wata irin fumfuna ta ƙasar daji da za ta ciyar da ita. Saboda haka manomi ba ya shuka irin banila, reshe yake dasawa. Reshe kuwa ba ɗa ba ne, uwar ce kanta aka raba. Ke nan banilar da ke gonakin Madagaska da Reyunyon kusan duk jiki ɗaya ce, daga ƴan rassan nan da jirage suka kawo. Cutar da ta iya kama ɗaya ta iya kama duka, akwai kuwa wata cutar saiwa da ke yi musu ɓarna. Ku tuna gonar gero: iska tana gauraya bununin wannan da na wancan, shi ya sa in wata cuta ta zo, wani ya faɗi, wani ya tsaya.

Banilar da ke da irin wannan bambanci ita ce ta daji, wadda ƙuda ke yi wa barbara, take tsirowa daga ƙwaya. Ita ce masana ke nema in suna son iri mai jure cuta ko fari. Ita ce kuwa take ƙarewa. An sare dazuzzukan Meziko da yawa an mai da su gonaki da makiyaya, an kuma yi ta tumɓuke wadda aka samu ana kaiwa gida. Itacen da za ta hau ya tafi, ƙudanta ya ragu. A 2017 ƙungiyar duniya mai lura da halittu, UICN, ta sa banilar daji cikin jerin tsirran da ake tsoron ɓacewarsu.

Banila ba ta yi a Madarunfa, ranarmu ta yi mata zafi, raninmu ya yi mata tsawo. Amma darasin farko da Edmon ya koya kuna iya gwada shi a garkar makaranta. Da maraice ku nemi furen kabewa tamata guda biyu waɗanda za su buɗe gobe, ku rufe kowanne da ƴar jakar takarda don kada ƙuda ya shiga. Da sassafe ku tsinko namiji, ku fiffige rawayan ganyensa, silin tsakiya ya fito. Ku buɗe tamata ɗaya ku goga mata shi a hankali, ku sake rufewa, ku ɗaura mata jan zare. Ta biyun kada ku taɓa ta. Bayan kwana 7 ku dawo tare da malam, ku auna ƙullutun kowacce, ku rubuta abin da kuka gani cikin littafinku.